Jaye da Rahoton Garin Auta

Jaye ɗan Gidaɗo a ruga aka haife shi, kusa da Sae Sabuwa, kuma ba shi ya zaɓi lakol, wato makarantar boko, ba. Shekarar da hukuma ta ce kowace ruga ta ba da yaro guda, dattawa suka duba suka ga shi ne ke barin maruƙa su shiga gonar mutane yana zaune yana zane a ƙasa da tsinke, sai suka miƙa shi. Ya yi kolej a Gidan Rumji, ya fara lise a Maraɗi bai ƙare ba, ya dawo ya kafa tebur a bakin meri, ofishin magajin gari, da tsohon keken rubutu, yana buga wa mutane takardun neman shaidar haihuwa. Da kwamfuta ta shigo garin, ya koye ta a hannun wani malamin gona, kullum bayan la'asar. Dogo ne, siriri, ba mai yawan magana ba. In yana Hausa kana jin Fulatanci a ƙarƙashinta, kuma ƴan gari ba su taɓa barin ya manta da hakan ba, wani lokaci cikin raha, wani lokaci ba cikin raha ba.

Ni sunana Ridwanu, malamin lakol ne ni, wato mushe a bakin mutanenmu, a Gidan Rumji a wancan lokaci. Abin da zan faɗa, rabi na gani da idona, rabi daga bakin Jaye da na Madam Lantana na ji shi.

A shekarar 2010, bayan sojoji sun karɓi mulki sun yi alkawarin mayar da shi hannun farar hula, wata ƙungiyar sa-ido kan zaɓe mai suna Idon Gari ta buɗe reshe a garinmu. Madam Lantana, tsohuwar daraktar lakol da ta ajiye aiki, ita aka ba shugabanci. Mu kusan talatin, malamai da ƴan kasuwa, muka zama ƴan sa-ido, kowa da buron zaɓen, wato rumfar ƙuri'ar, da za a tura shi. Namu mu kira waya mu faɗi abin da muka gani. Na Jaye ya rubuta shi a kwamfutar ƙungiya ya aika Yamai, inda ake tattara rahotanni a ba gidajen rediyo da hukuma. Da Madam ta ɗauke shi, wasu suka ce an rasa wanda za a ba na'ura sai ɗan daji. Ta ce wanda ya fi shi iyawa ya zo ya zauna. Ba wanda ya zo.

Kafin a fara aiki aka kira shi Maraɗi horo na kwana uku. Mai koyar da su wata injiniya ce daga Yamai, Najiba, ita ce ma ta rubuta manhajar aika rahoton. Ta ce musu a cikin kowace kwamfuta ta saka mabuɗin sirri, dogon jerin haruffa da lambobi da ba mai iya haddacewa. Da shi manhajar ke buga wa kowane rahoto hatimi. Su kuma a Yamai suna riƙe da takardar shaidar kowane mabuɗi, da ita suke gane wannan hatimin na Gidan Rumji ne, wancan na Gazawa.

"Na'urarmu ba ta san fuskarku ba," in ji ta. "Duk wanda ya riƙe mabuɗin Gidan Rumji, a wurinmu shi ne Gidan Rumji."

Mabuɗin kansa a kulle yake da kalmomi bakwai da kowa ya zaɓa ya riƙe a ka. Amma akwai wani ɗan gurbi a fuskar manhajar, in ka danna shi sai ta ajiye kalmomin a cikinta ta daina tambaya. Najiba ta ce kada kowa ya taɓa shi.

Jaye ya bi umarnin har ranar ƙuri'ar raba gardama kan tsarin mulki. Kuran ɗin Gidan Rumji, wato wutar lantarki, ya zo ya tafi, batirin kwamfutar ya tsufa, duk mutuwar da ta yi sai an sake buga kalmomin. Ran nan yana sauri, wayoyi na kuka ta ko'ina, ya kuskure sau uku, manhajar ta rufe kanta rabin awa. Ya ga yadda mutanen buron ƙungiya suka kalli juna. Washegari ya danna gurbin.

Sati biyu kafin zaɓen kansiloli na watan Janairu, faifan ajiyar kwamfutar ya fara ƙara kamar ɓera cikin rumbu. Mutum ɗaya ne a garin ke da sabon faifai, Maikuɗi mai shagon fotokofi a bakin kasuwa, wanda ke buga katin biki da hotunan ƴan takarar kowace jam'iyya. Maikuɗi ya kwashe duk abin da ke cikin kwamfutar ya zuba a tasa, ya sa sabon faifai, ya mayar. Jaye na tsaye a kansa. Da aka gama ya ce a share abin da ya rage a ta shagon. Maikuɗi ya share, ya nuna masa wurin wayam. Sai da Jaye ya kai bakin ƙofa ya lura da wata ƴar kile, irin wadda ake kwasar bayanai da ita, soke a bayan kwamfutar shagon, fitilarta na ƙyaftawa. Ya tsaya. Ya so ya tambaya, ya ga shago cike da mutane, ya ga kamar zai kira mutum ɓarawo ne a gaban abokan cinikinsa. Ya fita.

Mabuɗin da kalmominsa duka sun bi ta kwamfutar shagon. Ya san abin da ya kamata ya yi: ya kira Najiba a soke mabuɗin a ba shi wani. Amma in ya kira dole ya faɗi zancen gurbin, kuma dole maganar ta dawo buro. Bai kira ba, ya ce wa ransa ai Maikuɗi bai ma san mene ne mabuɗin ba.

Ranar zaɓe ni aka tura Garin Auta, wani ƙauye a kan hanyar Sae Sabuwa, inda manoma da makiyayan rugage uku ke jefa ƙuri'a a buro ɗaya. Rugar su Jaye na cikinsu. Garin a kwari yake, waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Na hau da safe na ce an buɗe lafiya, na koma bakin aikina.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wayar Jaye ta yi ƙara a buron ƙungiya a Gidan Rumji. Najiba ce.

"Malam Jaye, rahotonka na Garin Auta. Ina son ƙarin bayani kafin mu ba rediyo da ƙarfe ɗaya. Mutum biyun da aka sara, an kai su likita?"

"Wane rahoto?"

"Wanda ka aiko minti ashirin da suka wuce. Makiyaya sun zo da sanduna da takubba, sun kori masu zaɓe, sun fasa akwati."

Jaye ya buɗe muryar wayar ya ajiye ta a tebur don Madam ta ji.

"Ban aika ba."

"Hatiminka ne a kai. Na duba sau biyu."

Madam Lantana ta cire tabarau ta dube shi. "Jaye, mi ya hwaru? Kar ka ɓoye min. In mutanenku sunka yi abin ga, ɓoyo ba ya gyara shi."

"Madam, wallahi ban san ko an yi ko ba a yi ba. Abin da na sani, ba hannuna ya rubuta ba."

Ta miƙa hannu ta rufe kwamfutar, ta ɗora tafinta a kai. "To hwaɗa muna yadda hatiminka ya hita ba da hannunka ba."

Ya faɗa. Gurbin, faifan, shagon Maikuɗi, ƴar kilen da ya gani. Bai rage komai ba, kuma bai ɗaga kai ba har ya ƙare.

"Ga wani rahoton ya shigo," in ji Najiba. "Yanzun nan. Wai ɗaya daga cikin waɗanda aka sara ya cika."

Madam ta dubi hannunta a kan rufaffiyar kwamfuta, ta dubi hannuwan Jaye da ke kan gwiwoyinsa. "Innalillahi. Wani na zaune wani wuri yana magana da bakinmu."

"Zan iya soke takardar shaidar mabuɗin," in ji Najiba. "Daga nan duk abin da ya zo da hatiminsa na'ura za ta ƙi shi. Amma ku sani, rahotanni ashirin da bakwai da kuka aiko tun safe su ma za a jingine su, don ban san wanne ne naku ba. Kuma za ku zama bebaye har mu yi sabon mabuɗi. Sai shugabar reshe ta ce a yi."

"Soke shi, ɗiyata."

"Da saura, Madam. Sokewa ba ta nuna ƙarya ne. Gobe wani zai ce Malam Jaye ya aika, ya ga danginsa ne, ya janye. Ina bukatar muryar wanda ke Garin Auta."

Suka kira ni sau biyar, ba ta shiga. Suna cikin haka mai gadin buro ya shigo da takarda a hannu. Fotokofin rahoton farko ce, da tambarin Idon Gari a samanta. Ya ce a tasha ake rabawa, mutane sun taru, wasu na ɗaure adduna a jikin babura.

Jaye ya miƙe. Madam ta riƙe masa riga.

"Ina za ka?"

"Wurin Maikuɗi."

"Bar Maikuɗi, ba ya gudu da shago bisa kai. Hau babur ka tahi Garin Auta, ka sa Ridwanu ya hau tudu. Ni za ni wurin jandarma, daga can tasha."

Mu a Garin Auta ba mu san wainar da ake toyawa ba. Zaɓe na tafiya a ajin zana na lakol, layin maza ya kai gindin gawo, na mata ya zagaye rijiya. Makiyaya sun iso tun hantsi bayan sun shayar da dabbobi, kowa da sandarsa a kafaɗa kamar kullum. Rigimar da na rubuta a littafina duk safiyar ita ce ta wata tsohuwa da ta ƙi a shafa mata tawada a yatsa, wai za ta ɓata mata lalle, ta koma gefe tana mita.

Sai ga babur ya taho a guje ta cikin rairayi. Jaye ne, wando a yage, gwiwa na jini, don ya faɗi a hanya. Ya ja ni gefe ya gaya mini a taƙaice. Na dubi layin, na dubi sandunan nan fiye da sittin, na gane abin da mutumin da ya taho da zuciya a wuya zai gani in ya ɓullo daga kwanar hanya.

Gidaɗo, mahaifin Jaye, na tsakiyar layi, katin zaɓensa soke a rawani. Jaye ɗan fari ne, don haka uban ba ya kiran sunansa. Jaye ya durƙusa suka gaisa da Fulatanci, sannan ya juya Hausa don manoman da ke layin su ji.

"Baba, ina roƙon ku aje sanduna wuri guda, gindin gawo. An yi muku ƙarya a gari, an ce kun sari mutane. Masu babura na tafe."

"Mu? Wa muka sara?"

"Ba kowa. Amma da sunana aka yi ƙaryar, kuma sakacina ya jawo."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "Kai ɗan lakol, in suna tafe da ƙarfe, yanzu ne za mu aje sanda?"

"Yanzu ne, Baba. In suka gan ta hannunku, ba za su tsaya tambaya ba."

Layi ya fara motsi. Wasu makiyaya suka fita suna cewa a koma ruga a tsare mata da shanu, wasu suka gyara riƙon sanda. Manoma suka fara ja da baya, wani fili ya buɗe a tsakani wanda ba ya nan ɗazu. A nan ne Maigari Ɗanmalam, da ke zaune bakin ajin, ya taso yana dogarawa. Ya tsaya gaban Gidaɗo.

"Shekara talatin shanunka na kwana gonata bayan girbi," ya ce. "Aje ta. Yau ni ne sandarka."

Gidaɗo ya taka a hankali zuwa gindin gawo ya ajiye. Na kusa da shi ya ajiye. Ba duka suka yarda nan take ba, amma tsibin ya yi ta girma. Maigari ya sa aka sake jera layi, manomi, makiyayi, manomi, makiyayi.

Ni kuma na karɓi wayar Jaye haɗe da tawa na ruga tudu. Na fara da Najiba, na shaida mata ba wanda ko ƙwarzane ya samu, akwati na nan da kwaɗonsa. Ta ce za ta cire rahoton daga abin da za a ba rediyo. Sannan na kira Madam. Hayaniyar da ke bayanta ta kusa hana ni jin ta. Daga baya na ji cewa bisa amalanke ta hau a tsakiyar tasha, ta karɓe lasifikar wani mai tallar magani ta kanga wayar a bakin lasifikar.

"Mushe Ridwanu, yi magana, gari na jin ka."

Na faɗi sunana, na faɗi abin da na gani. Wani ya yi ihu ya ce ƙarya ne, an ɗora mini wuƙa a wuya. Sai na ce duk mai ɗan'uwa a Garin Auta ya faɗi suna, in gaya masa inda na gan shi yau. Suka fara kira, Madam na maimaita mini. Wane, na ce ya jefa ƙuri'a tun safe ya tafi lambu. Wance, na ce tana layin rijiya da goyo, da shuɗin zane. Wanda ban gani ba na ce ban gani ba. Mun yi suna goma sha ɗaya, na ji hayaniyar na kwantawa.

Sai Madam ta sauke lasifika ta yi magana da ni kaɗai. "Ridwanu, babura tara sun tahi kahin in iso. Jandarma na bayansu, amma da nisa."

Na ɗaga kai. Daga tudun ina hango su, suna fitowa daga cikin sabara.

Na gangaro da gudu, amma sun riga ni. Na tarar da Jaye tsaye tsakiyar hanya, hannuwansa a buɗe, Maigari na bayansa kaɗan. Na gaban masu baburan Mumuni ne, mahauci a kasuwar Gidan Rumji, ƙato, ya sauko da adda tsirara.

"Kauce, Bahillace."

"Ba ni kaucewa, Mumuni. Dubi layin."

"Na ce ka kauce!"

Ya matso har ƙirjinsa ya kusa taɓa na Jaye. Sauran suka sauko suka yi da'ira. Na ga wani makiyayi na satar kallon tsibin sanduna, na ga Gidaɗo ya ɗora masa hannu a kafaɗa. Ƙafar Jaye ba ta gusa ba.

"Takardarku ta ce an sari mutane," in ji Mumuni, muryarsa na karyewa. "Ina uwata?"

Ashe tsohuwar nan mai lalle ce. Ta taso daga inuwar zana tana gyara mayafi.

"Mumuni? Wannan adda ta mi ce? Sa ka zo yankawa a lakol?"

Ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dube ta daga kai zuwa ƙafa, ya dubi layin, ya dubi tsibin sanduna a gindin gawo. A hankali ya mayar da addar bayansa. Wata mata ta fashe da dariya a layin rijiya, irin dariyar da ke kusa da kuka. Jaye ya zauna a ƙasa, nan tsakiyar hanya. Motar jandarma ta iso bayan minti goma sha biyar, ta tarar an ci gaba da jefa ƙuri'a.

Da la'asar Jaye ya koma buro, aka yi sabon mabuɗi. Wannan karon ba a bar shi cikin kwamfuta ba. A kile aka sa shi, Madam ta zura mata zare ta rataya a wuya, sababbin kalmomin kuma suka zauna a kan Jaye shi kaɗai, yadda ɗayansu ba ya iya aika komai sai da ɗayan. Najiba ta karanto lambar sabuwar takardar shaida ta waya, harafi-harafi, shi kuma yana duba tasa, har suka tabbata ɗaya ce. Ta gaya musu rahoton ƙarya na uku ya zo da tsakar rana, na'ura ta ƙi shi. Suka sake kiran ƴan sa-ido ashirin da bakwai ɗaya bayan ɗaya, suka sake aikawa. Kafin zaɓen shugaban ƙasa Najiba ta cire gurbin nan daga manhajar gaba ɗaya. Ta ce wa Jaye laifin ba nasa kaɗai ba ne, ita ta gina ƙofar da ba ta son a bi.

Jandarma sun ɗauki kwamfutar Maikuɗi, ba su sami kilen ba. Shi kuma ya rantse hannu da yawa ke taɓa kayan shagonsa. An yi ta raɗe-raɗin wani ɗan takara da ke tsoron ƙuri'ar makiyaya, amma ba a tabbatar da komai a kan kowa ba, ni ma ba zan kama suna ba.

A taron reshe wasu suka ce a kori Jaye. Ya tashi ya maimaita abin da ya yi a gaban kowa, ya nemi gafara, bai kare kansa ba. Madam ta ce wanda ya faɗi gaskiya lokacin da take da zafi ya fi mata wanda ba a taɓa gwadawa ba, ta riƙe shi har zagaye na biyu a watan Maris. Bayan nan aka rufe reshen. Ya koma teburinsa na bakin meri, amma mutane suka ragu. Wasu har yau sun yarda an yi wani abu a Garin Auta aka rufe. Bayan shekara guda ya kwashi matarsa Saliha da ƴaƴansu suka koma Cadawa, inda yake riƙe da rajistar rigakafin yara a wata ƙaramar likita, wato asibitin ƙauye, yana kuma koya wa ungozomomi kwamfuta.

Bara na bi ta Cadawa na same shi a bakin aiki, gashinsa ya fara fari. Muna shan shayi na tambaye shi ko ya yafe wa Maikuɗi. Ya juya kofin a hannunsa ya ce bai san ko akwai abin yafewa ba, don bai taɓa sanin ko mutumin ya yi ko bai yi ba, kuma da ya buɗe baki ya tambaya ran nan a shago, da yanzu ya sani. Sai aka leƙo aka ce mata sun taru da jarirai, ya tashi ya shiga.